Hoton Inna Hajjo da Ɗanta na Fari

Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona a Gusau suna cewa sana'ata ta mutu, wai yanzu kowa mai hoto ne tunda kowa na da waya a aljihu. Ba na musu da su a kan wayar. Wayar da ke hannun ƙaramin cikinsu ta fi kyamarar da na fara aiki da ita gani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa da suke yi latsawa ce kawai. Na fi shekara hamsin ina latsawa, a ƙasa shida, kuma latsawar ita ce abu na ƙarshe a cikin aikin, ita ce mafi sauƙi. Zan ba ku labarin wata ɗaliba da ta zo wurina, amma sai na fara gaya muku inda na fito, don ku san wanda ke magana.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a wanke faranti ne. Kawuna mai fataucin goro ya kai ni Yamai ina saurayi, ya damƙa ni ga wani mutumin Togo da ake kira Mushe Kwami, wato Malam Kwami a bakin masu Faransanci, mai shagon hoto kusa da kasuwa. Wata shida bai bar ni na taɓa kyamara ba. In wanke farantan da ake zuba ruwan magani, in auna ruwan, in shanya hotuna a igiya, in kori ƙuda daga kansu har su bushe. Kyamararsa akwati ce ta katako mai ƙafa uku, da baƙin hannun riga a gefe. Ta nan ake zura hannu a wanke hoton a cikin akwatin, ba ka ganin komai, yatsunka ne ke gaya maka inda takarda take.

Ran da ya ce zan fara ɗauka, sai ya tura ni kasuwa babu kyamara. Ya ce, cikin Faransancinsa mai gauraye da Zabarmanci, in je in ɗauko masa hoton zafi, in dawo in gaya masa abin da na ɗauka. Na dawo na ce na ga rana tsaye a tsakiyar sama. Ya ce wannan rana ce, shi zafi ya aike ni. Washegari na ce na ga mutum yana gumi. Ya ce mai zazzaɓi ma yana gumi. Sai rana ta huɗu na ce masa na ga jaki da mai shi sun manne a jikin katanga, suna ƙoƙarin shiga wata inuwa da ba ta fi tafin hannu faɗi ba. Sai ya ce gobe zai ba ni takardar hoto guda.

Daga Yamai na yi Agadas, na yi Garwa, na yi Kumasi, na zauna Hartum shekara uku, na yi aikin hoton alhazai a Jidda. A kowane gari sai na koyi yarensu kafin in san yadda suke tsayuwa gaban kyamara, don ba iri ɗaya ba ce. Buzu a Agadas, in ka ɗaga kyamara, rawaninsa zai ja ya rufe baki, kuma in ka ce ya sauke ka rasa shi. Mutumin Kumasi zai zo da rediyonsa da agogon aro, ya ce lallai su fito sosai. A tashar jirgin ƙasa ta Hartum na ga uwa ta rungume ƙaton ɗanta mai gemu tana kuka tana sumbatar kansa a gaban jama'a, babu wanda ya waiga. Mu nan, dattijo zai zauna ya ɗora hannu biyu a gwiwa ya ɗaure fuska kamar an kawo shi gaban alƙali, in an gama kuma ya fashe da dariya ya tambaye ka ko ya fito da kyau.

Da na dawo gida na buɗe shagon nan, na yi shekarun da ba ni da lokacin cin abinci. Fasfo na maniyyata, hoton 'yan makaranta, hoton suna, hoton sabon keke. Ina da labule uku: mai zanen bene, mai zanen jirgin sama, da fari na fasfo. Ranar kasuwar Tsafe nakan ɗaure kaya a babur in kafa labule a gindin bishiya, mutane su yi layi. Sai muguwar shekara ta zo, ta zo da abu biyu a tare. Wayoyi masu hoto suka cika gari, hanyoyin ƙauye kuma suka lalace da rashin tsaro, bikin da ake kirana Magami ko Kekun Waje aka daina kira, wasu ma aka daina bikin. Fim ya daina zuwa. Na'urar faɗaɗa hoto da na ɗauko tun daga Kumasi, wadda na yi shekara talatin ina goge ta, masu sayen ƙarfe suka ɗauke ta a kura. Abokan sana'ata huɗu ne a layin nan. Ɗaya ya koma sayar da katin waya, biyu sun koma gona, ɗaya ya rasu. Ni na sayi kyamara mai kati, na sa jikana ya koya mini kwamfuta ina da furfura, na ci gaba da buɗe ƙofa kowace safiya. Ba na neman a tausaya mini. Na faɗa ne don ku san ban zauna nan don na rasa wurin zuwa ba.

Rukayya ta shigo shagon ne wata safiya tana neman aron ƙafar kyamara. Ɗiyar wani tela ce da na sani a Tudun Wada, tana shekarar ƙarshe a karatun aikin jarida a wata makaranta nan garin. Malaminsu na hoto yana ba su jinga, wato aikin da za su je su yi su kawo, ko wane mako biyu. Na ce ba na ba da aron kaya sai na san abin da za a yi da su.

"An ce mu ɗauko mutum ba tare da mutumin ya fito ba, Baba."

"To mi kika ɗauko?"

Ta nuna mini inuwar wani yaro a ƙasa. Na tambaye ta mutum nawa ne a ajinsu. Ta ce arba'in. Na ce to malam zai ga inuwa arba'in. Ta ji haushi, ta tafi ba ta ɗauki ƙafar ba. Bayan kwana uku ta dawo da hoton kujerar ɗinkin mahaifinta, fatar ta lotsa daidai zamansa, ga takalminsa ɗaya a kan fedar keken ɗinki. Ko ba ka san shi ba ka san nauyinsa. Ranar na ba ta ƙafar.

Jinga ta biyu ta motsi ce. Muka je Tsafe ranar kasuwa, na nuna mata yadda ake barin idon kyamara a buɗe ya ɗan daɗe, komai mai tafiya ya zama zane, mai tsayuwa ya tsaya. Ta ɓata hoto ya fi ɗari. A ƙarshe ta samu wata tsohuwa mai daddawa zaune daram, babura suna wucewa ta bayanta kamar ruwa. Abu ɗaya muka yi faɗa a kai: tana ɗauka tana gogewa nan take da babban yatsa. Na ce muddin da kayana take aiki, ba a goge komai sai an koma gida an zauna. Ta ce katin zai cika. Na ce ya cika.

Jinga ta uku ita ce babba, a kanta rabin makin darasin yake. Malam ya ce su ɗauko ƙaunar uwa da ɗa. Rukayya ta taɓa faɗuwa wani darasi a baya, in ta faɗi wannan sai ta maimaita shekara, mahaifinta kuma ya gaya mata a gabana cewa babu maimaici, in ta faɗi ta dawo ta kama keken ɗinki. Ba da wasa ya faɗa ba, na san shi.

Ta ce ba ta son uwa mai goyo tana murmushi, kowa shi zai kawo. Sai na tuna da Inna Hajjo, wata Bafulatana da ke zaune a rugarsu gefen Karakkai a ƙasar Bungudu. Ni na yi wa mijinta marigayi fasfon aikin hajji. Yawancin danginsu sun riga sun kora shanu sun yi kudu saboda halin da ake ciki, ɗanta Dikko ne ya rage, kuma na ji a kasuwa cewa shi ma zai bi su da sauran shanun a makon. Na aika aka nemi izini, aka ce mu zo da safe mu koma kafin la'asar.

A hanya na gaya mata abu ɗaya: kada ta ɗauki garken gaba ɗaya, don a wurin makiyayi ɗaukar garke kamar ƙirga shi ne, kuma ba a ƙirga wa mutum shanu. Ɗaya abin ban gaya mata ba, don na ɗauka ta sani. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, Fulani kuwa sun fi kowa riƙe wannan. Sunan Dikko ma da kansa na ɗan fari ne. Amma Rukayya 'yar birni ce, ta biyar a ɗakinsu, kanta kuma cike yake da hotunan da malam ya nuna musu a aji.

Bayan gaisuwa ta durƙusa ta ce, "Inna, don Allah ki matso kusa da Dikko, ki dafa kafaɗarshi."

Inna Hajjo ta dube ni, ba ta dube ta ba. "Malam, wagga ɗiya taka lafiya take?"

"Lafiya lau, Inna. Boko ne."

"Awo, na gani."

Dikko, mutum mai 'ya'ya uku, ya sunkuyar da kai yana murza igiya kamar ba da shi ake ba. Rukayya ta sake gwadawa. Ta ce ko kallonsa kawai Inna ta yi. Inna ta ce ita ba ta ga abin kallo ba, ga shanu can in kallo ake so. Wata matashiya da ke daka ta kwashe da dariya har ta saki taɓarya. Na ja Rukayya gefe na ce ta daina ba da umarni, ta zauna a inuwa ta yi shiru, in ta ga abu ta ɗauka. Muka yi awa biyu. Aka kawo fura. Inna ta dama ta miƙa mini, ta miƙa wa Rukayya, ta tura ƙwarya guda ta gefen da Dikko yake ba tare da ta juya ba, ta ce, "A ba wancan." Rukayya ta yi ta ɗauka. Kafin la'asar muka kamo hanyar Gusau.

Wanda ta zaɓa ta kai wa malam hoto ne mai tsabta: Inna a hagu tana kallon garke, Dikko a dama yana kallon ƙasa, fili a tsakaninsu, haske daidai, layi a miƙe. Malam ya dawo mata da shi. Ya ce bai ga uwa da ɗa ba, mutum biyu ya gani suna jiran mota. Ya ba ta mako guda ta kawo wani.

Na sa babbar rigata na tafi makarantar. Na same shi a ofis, matashi ne mai ladabi, ya ba ni kujera. Na fara yi masa bayanin kunyar ɗan fari kamar ina yi wa Bature, har na kawo masa labarin matar Hartum don ya gane cewa ba ko'ina ake runguma ba. Ya bari na gama.

"Baba, ni mutumin Tsafe ne, kuma ni ne na fari a ɗakinmu. Mahaifiyata har yau ba ta taɓa kiran sunana ba. Na san abin da kake faɗi."

"To mi ya hana ka gani?"

"Ba ya cikin hoton. Yana bakinka. In an rataye shi a bango, za ka tsaya gefensa kana yi wa kowa bayani?"

Na fito ina faɗa a raina har bakin titi, amma na san ya kama ni. Abin da Mushe Kwami zai faɗa ke nan. Na ga rana, ban ga zafi ba.

Rukayya kuwa ta tsorata. Dikko ya riga ya tafi, babu komawa. Kwana biyu bayan haka ta zo da gwaggonta da jaririyar gwaggon, ta ce in taimaka mata da fitila. Na taimaka, don aiki ne, kuma ba na yin aiki rabi. Muka kafa farin labule, gwaggo ta rungume jaririya ta manna kumatu. Hoton ya fito da kyau, irin wanda ake sa wa a jikin gwangwanin madara. Na wanke mata shi babba. Ta riƙe shi ta ce, "Wanga zai ci, ko Baba?" Na ce zai ci. Na ce amma kafin ta tafi ta kawo katin Karakkai mu duba shi duka, ɗaya bayan ɗaya.

"Na duba, Baba. Sauran duk sun karkace."

"Ke kika duba. Ni ban duba ba."

Muka zauna gaban kwamfuta bayan azahar. Hoto saba'in da wani abu. Na hana ta wucewa da sauri. Kusan ƙarshe muka iso wani da ta ɗauka tana gyara zama, ƙasa ta karkace, an yanke saman kan Inna. Ta kai yatsa za ta wuce, sai ita da kanta ta tsaya. A hoton fuskar Inna na juye can gefe, bakinta buɗe tana korar kaji. Amma hannunta na dama ya koma ta baya da ludayi, yana sauke curin man shanu a cikin ƙwaryar Dikko, man da ba ta sa wa kowa a cikinmu ba. Shi kuma kansa a ƙasa, idonsa a kan igiya, amma hannunsa ya karkato ƙwaryar wajenta don kada man ya faɗi. Babu wanda ya kalli wani.

Rukayya ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "An yanke mata kai."

"An yanke."

"Kuma ya karkace. Malam ya ce duk wanda ya kawo karkataccen hoto zai rage mashi maki."

"Zai rage."

"To wane zan kai?"

Na ce wannan ba zan gaya mata ba. Ni ba ni za a mayar keken ɗinki ba. Na wanke mata shi daidai girman na gwaggo, na ajiye su biyu a kan tebur da ambulan guda, na fita sallar la'asar. Da na dawo ta tafi. Hoton gwaggo na nan a kan tebur, ta ɗora masa kwalbar gam don kada iska ta ɗauke shi.

Mako biyu ban gan ta ba. Mahaifinta ya wuce ta ƙofar shagon sau biyu, gaisuwarsa a taƙaice, na san an gaya masa cewa akwai wani hoto mai kyau da aka bari saboda ni. Ban ba shi haƙuri ba. Gwaggo ce ta zo ta karɓi nata, ta yi ta godiya, ta ce za ta sa shi a firam.

Ran da Rukayya ta dawo ina tsakiyar yi wa wani dattijo fasfo, ina roƙonsa ya ɗan tura hularsa baya. Ta jira na gama.

"Na ci, Baba. Da ƙyar. Maki biyu ne tsakanina da faɗuwa."

Ta miƙo mini hoton. Malam ya yi rubutu a bayansa, layi biyu. Na farko ya ce ya ga hannun. Na biyu ya ce farin nonon da ke cikin ƙwarya ya ƙone, haske ya cinye shi, da ta rage kaɗan da an ga man sosai. Na juya hoton na kai shi bakin ƙofa. Gaskiya ne. Tsakiyar ƙwaryar fari fat, babu komai a ciki, kuma ni da na zauna gefenta a rugar ban ce mata ta rage ba, ban kuma lura ba ran da na wanke.

"Ya yi gaskiya a kan hasken," na ce. "A kan makin bai yi ba. In na gan shi zan gaya mashi, kuma duk wanda ya tambaye ni zan gaya mashi. Cikin arba'in ɗin nan babu wanda ya kawo irin wanga."

"Ai ba ka ga sauran ba, Baba."

"Ba sai na gani ba."

Ta yi dariya, ta fara naɗe hoton cikin ambulan. Na ce ranar kasuwar Bungudu ta zo da wuri, Inna Hajjo na kawo nono, za mu zauna gefenta ta koyi ɗaukar farin abu a cikin rana har sai ya daina ƙonewa.

"Darasin ya ƙare fa. Babu mai ba ni maki."

"Na sani. Ki zo da katin da ba komai cikinshi, kuma ki karya kafin ki fito, za mu daɗe."